Daga SAP Zuwa Cire Tallafi: Maciji Ɗaya Ne Ke Saɓa

'Yan'uwa, duk wanda ya ce maku yunwar da ke ƙasar nan daga sama ta faɗo, to raina maku hankali yake yi. Da hannu aka ƙulla ta, kuma mun san ranar da aka fara.

A 1985 Babangida ya ce jama'a su yi muhawara kan bashin IMF. Jama'a suka ce ba su so. Ya ce ya ji. A 1986 sai ga shi da SAP, wato duk sharuɗɗan IMF ɗin nan, suna kawai aka sake. Aka karya darajar Naira, wadda a 1985 ta fi dala tsada. Aka shiga ƙara kuɗin mai, aka sa kamfanonin gwamnati a kasuwa, aka rage ma'aikata, asibiti ya koma wurin rubuta takardar magani. Da ɗalibai suka fito a 1989, da harsashi aka amsa masu.

Wai mu ɗaure ciki, daɗi na gaba. To ina daɗin? Ka je Kakuri a Kaduna ka ga masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje sun zama kufai. Ka leƙa Sharaɗa da Bompai a Kano. 'Ya'yan masaƙan nan su ne yau ke jan Keke Napep.

Ran 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya sake karanto darasin iyayen gijinsu: babu tallafi! Litar man da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500. A shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, kuɗin da lokacin bai sayen buhun shinkafa. Yaran da aka kama a zanga-zangar yunwa ta Agusta kuwa, a kotun Abuja wasunsu suka yanke jiki suka faɗi.

Soja ya yi, farar hula ya yi, sakamakon ɗaya ne, domin tsarin a kan riba aka gina shi, kuma Allah (T) Ya shelanta yaƙi da masu cin ta. Su ci bashi su yi bushasha, talaka ya biya da cikinsa. Wannan ba zalunci ba ne?

Ɗan'uwa, kada wani malamin fada ya ce maka haƙuri shi ne yin shiru. Ka nemi ilimi, ka wayar da kan na kusa da kai, ka duba maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba. Zalunci dai ba ya ɗorewa.

Wassalam.