"Babu Kuɗi" Tsohon Uzuri Ne

Masu cewa Turawan mulkin mallaka sun bar mana ingantaccen tsarin ilimi, mu muka lalata shi, su koma su duba tarihi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma ba a jima ba gyaɗarmu ta kama hanyar teku. Makaranta fa? Wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 'yan tsiraru ta ɗiba. Ƙa'idar Ingila ita ce kowace ƙasar da take mulka ta ɗauki nauyin kanta, saboda haka aka ɗora elemantare a kan baitulmalin En'e, wato harajin talaka da jangalin makiyayi.

Sai a 1940 Majalisar Ingila ta ware fam miliyan 5 duk shekara domin raya waɗannan ƙasashe da jin daɗin jama'arsu. Ba tausayi ba ne: yajin aiki da tarzomar ma'aikata a tsibiran Karibiyan ne suka tilasta mata.

Yau ga albashinmu na firamare rataye a wuyan ƙananan hukumomi, magadan En'e, ana ce mana babu kuɗi. Muna neman a ware shi tun daga asusun tarayya, kafin a yi kaso.