Kifin shak da kuturtar gyaɗa: darasi ga Wudil

A 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya kifin shak mai farin baki a fuka-fuki cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Binciken mujallar Nature na 2021 ya nuna cewa kifayen shak da danginsu na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970, saboda yawan kamu. Shak yana jinkirin haihuwa, shi ya sa ɓarnar ba ta gyaruwa da wuri.

Kuturtar gyaɗa akasin haka take. Ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗa ta cikin makonni. A 1975 ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa, ta ƙarasa durƙusar da cinikin gyaɗar Kano.

Ɗaya na ƙarewa, ɗaya na yaɗuwa, amma tushensu guda: sakaci har sai ɓarna ta bayyana.

Manomin Ɗankaza na buƙatar irin SAMNUT mai jure cutar, na cibiyar binciken Samaru, da malamin gona kusa. Masuncin kogin Wudil kuwa, dokar hana raga mai ƙananan idanu. Rigakafi ya fi magani.