Mai Gidan Haya A Fotugal Da Dokar Da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

A ranar 1 ga watan Afrilu, 2023, dubban mutane suka fito kan titunan Lisbon da Porto, manyan biranen ƙasar Fotugal, suna kukan tsadar gidajen haya. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin Firayim Minista Antoniyo Kosta ta kafa doka mai lamba 56 don magance matsalar. Ba a cika shekara guda ba, sabuwar gwamnatin Luwis Montenegro, wadda ta kama mulki a Afrilun 2024, ta soke waɗansu sassa na dokar, ciki har da sashen da ya ba hukuma ikon tilasta a ba da hayar gidajen da aka bari a rufe.

A tsakiyar wannan ja-in-ja akwai wani mutum da ba a cika jin muryarsa ba, watau ƙaramin mai gida wanda ya gaji ɗaki ɗaya ko biyu a cikin bene, ko ya saya da gumin goshinsa don tanadin tsufa, kuma yake kula da hayarsa da kansa don kada ya raba ɗan abin da yake samu da kamfanin dillalai. Halin da wannan mutum yake ciki shi ne abin da za mu duba, domin a hannun irinsa ne mabuɗan gidaje masu yawa suke.  Ƙidayar 2021 ta nuna cewa akwai gidaje fiye da 720,000 da ba kowa a ciki, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan goma da ɗoriya ba, kuma gidajen da hukuma ta mallaka ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba.

Kafin a fahimci dokar yau sai an waiwayi jiya. A shekarar 1948, zamanin mulkin Salazar, aka hana ƙara kuɗin haya a Lisbon da Porto. Bayan juyin mulkin 25 ga Afrilu, 1974, aka shimfiɗa wannan hani a kan ƙasar baki ɗaya, sa'an nan Tsarin Mulkin 1976 ya rubuta a sashe na 65 cewa kowane mutum yana da haƙƙin samun muhalli. Niyya ce mai kyau, amma farashin kaya ya yi ta hawa, kuɗin haya yana tsaye cik, har ya zama abin da mai gida yake karɓa a wata bai isa ya gyara rufi ba. Da haka tsofaffin unguwanni suka lalace, masu gidaje kuma suka gwammace su kulle ƙofa da su saka ɗan hayar da ba zai fita ba har mutuwa.

Daga nan aka shiga kwance ƙullin sannu a hankali. A 1985 aka yarda da ƙari na shekara-shekara. A 1990 aka yarda da yarjejeniya mai wa'adi, wadda ba za ta gaza shekara 5 ba. A 2006 aka yi sabon tsari, sa'an nan a 2012, bayan ƙasar ta karɓi bashin Yuro biliyan 78 daga Tarayyar Turai da Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya bisa sharaɗin gyara kasuwar haya, aka kafa dokar da ta sauƙaƙa tashin ɗan haya. A 2019 aka sake juyawa don kare ɗan haya, a 2023 aka ƙara ɗaurewa, a 2024 aka fara sassautawa.

To, mene ne aikin mai gidan da ya ce shi da kansa zai riƙe ragamar gidansa? Bari mu ɗauki misalin wanda zai ba da haya a kan Yuro 800 a wata. Tun kafin ya yi cigiyar ɗan haya, dole ne ya mallaki takardar shaidar yadda gidan yake cin wuta da riƙe ɗumi, wadda ƙwararren ma'aikaci yake bayarwa. Yarjejeniya dole ta kasance a rubuce, kuma tun 2019 wa'adin hayar gidan zama na dindindin ba ya gaza shekara guda. Tun farkon 2023 an ƙayyade abin da zai karɓa kafin ya miƙa mabuɗi: kuɗin ajiya na lamuni bai wuce na wata 2 ba, kuɗin hayar da za a biya tun gaba shi ma bai wuce na wata 2 ba. Watau a misalinmu, Yuro 1,600 nan, Yuro 1,600 can, ba ƙari.

Da an sa hannu, sai ya sanar da ofishin haraji kafin ƙarshen watan da ke biye da watan da hayar ta fara, ya biya harajin kan sarki na kashi 10 cikin 100 na kuɗin wata guda, watau Yuro 80. Duk wata da ya karɓi kuɗi, sai ya shiga shafin ofishin haraji ta intanet ya fitar da rasit, tsarin da aka soma a 2015. An ɗauke wa waɗanda suka kai shekara 65 wannan nauyi, su sai su kai bayanin shekara gaba ɗaya. In mai gida ya ƙi yin rajista, dokar 2023 ta ba ɗan haya ikon ya sanar da ofishin haraji da kansa.

Harajin kuɗin hayar gidan zama, wanda ya daɗe a kan kashi 28 cikin 100, an sauko da shi zuwa 25 a 2023, tare da ƙarin ragi ga wanda ya ba da haya mai dogon wa'adi: kashi 15 ga yarjejeniyar shekara 5 zuwa 10, kashi 10 ga ta shekara 10 zuwa 20, kashi 5 ga wadda ta kai shekara 20. Kafin a yanka haraji ana cire masa kuɗin gyara, da harajin gida na ƙaramar hukuma, da kasonsa na kula da benen, muddin yana da rasit. Ba a cire ruwan bashin banki ko kuɗin kujeru da gadaje. Wanda bai iya ajiyar takarda ba, shi ya cuci kansa.

Ƙarin kuɗin haya ma ba a bakin mai gida yake ba. In yarjejeniya ba ta tanadi wata hanya ba, Hukumar Ƙididdiga ce take auna hauhawar farashi zuwa watan Agusta, a buga adadin a Gazet ɗin gwamnati kafin ƙarshen Oktoba. Mai gida ba zai ƙara ba sai hayar ta cika shekara, kuma sai ya ba da sanarwa a rubuce kwana 30 tun gaba. An yarda da kashi 6.94 cikin 100 a 2024, da 2.16 a 2025. Amma a 2023, sa'ad da lissafi ya ba da 5.43, gwamnati ta sa baki ta tsayar da shi a kan kashi 2, ta biya masu gidaje diyya ta hanyar rangwamen haraji. A misalinmu, mai gidan da yake jiran ƙarin Yuro 43 ya tashi da 16.

Inda ake gane gwani shi ne ranar da zama ya yi tsami. In ɗan haya ya yi jinkirin biya fiye da kwana 8, mai gida yana iya neman tarar kashi 20 cikin 100 na abin da ake binsa. Kafin 2019 kashi 50 ne. In bashi ya kai wata 3, ko kuwa jinkirin ya faru fiye da sau 4 cikin wata 12, yana da ikon warware yarjejeniya. Sai dai fa ba shi da ikon canja kwado, ko yanke ruwa da wuta, ko fitar da kaya waje. Wata doka ta 2019 ta ɗauki irin wannan a matsayin musgunawa. Hanyarsa ita ce ofishi na musamman da aka buɗe a 2013 don gaggauta tashin ɗan haya, wanda aka sake wa suna da tsari a 2023. Wannan ofishi kuwa ba ya sauraron wanda bai biya harajin kan sarki ko bai bayyana kuɗin hayarsa ba. Ke nan wanda ya ɓoye wa hukuma don gudun Yuro 80, ranar da ya nemi hukuma sai ya tarar da ƙofa a rufe.

Ko da babu rigima, rabuwa tana da ƙa'ida. Mai gidan da ba ya son a sabunta yarjejeniyar shekara 1 zuwa ƙasa da 6, sai ya ba da notis kwana 120 kafin cikar wa'adi; in ta kai shekara 6, kwana 240. Notis ɗin kuwa sai ta wasiƙa mai rajista wadda ake sa hannu a kan karɓarta. Ya makara da kwana ɗaya, yarjejeniya ta sabunta kanta. Har ila yau dokar 2019 ta ce ƙin sabuntawa na farko ba ya aiki sai shekara 3 ta cika daga ranar da aka ƙulla yarjejeniya, sai fa in mai gida yana bukatar gidan don zaman kansa ko na 'ya'yansa.

Duk wanda ya dubi waɗannan ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya zai ga babu wadda ta fi ƙarfin mutum mai tsari. Abin da suke nema shi ne akawu mai kula da kwanan wata da ajiyar takardu. Kuma ba don wasa aka yi su ba. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi, Yuro 870 a 2025, ba zai iya ja da mai gida a Lisbon ba in doka ba ta tsaya masa ba, haka nan tsohuwar da ta shekara 40 a gida ɗaya ba kayan da za a watsar a titi ba ce. Shi ya sa aka ci gaba da kare masu tsofaffin yarjejeniyoyin da aka yi kafin 1990, in sun kai shekara 65, ko suna da naƙasa, ko abin hannunsu kaɗan ne.

A ganinmu, babbar matsalar mai gida a Fotugal ita ce rashin tabbas. Mutum yana iya lissafi da doka mai tsauri in ya san za ta daɗe. Amma wanda aka ce ya ɗaure gidansa shekara 10 don samun ragin haraji, yana da dalilin tambayar wace doka za ta hau kansa a shekara ta uku, tun da ya ga an taɓa tsarin a 2012, da 2019, da 2023, da 2024. Ko a Satumban 2025 gwamnati ta sake bayyana niyyar saukar da harajin zuwa kashi 10 cikin 100 ga hayar da ba ta wuce Yuro 2,300 ba. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su bi masa kowane sauyi. Ƙaramin mai gida kuwa, in ya gaji, sai ya sayar, ko ya mai da gidan masaukin 'yan yawon buɗe ido, ko ya kulle, ko ya ba da haya a ɓoye ba takarda. A duk waɗannan hanyoyi huɗu, ɗan haya ne yake shan wahala: gidaje su ragu, farashi ya hau, kariya ta ɓace.

Saboda haka aikin da ke gaban jam'iyyun Fotugal shi ne su amince a kan ƙa'idoji kaɗan da za su wuce rayuwar gwamnati ɗaya, su tabbatar da shari'ar haya tana ƙarewa cikin lokaci, sa'an nan hukuma ta gina nata gidajen, ta daina ɗora wa mai ɗaki biyu nauyin da sashe na 65 ya ɗora mata. Kafin a kai ga haka, mai gidan da yake kula da hayarsa da kansa ba shi da abin dogaro sai fayil ɗinsa, da kalandarsa, da leƙa Gazet duk watan Oktoba.