Gidan haya na fari ba shi biyan bashin kansa

A Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, da wuya a samu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya ɗan tara abin hannu, wanda bai taɓa tunanin sayen gida ya zuba ƴan haya ba. Wannan sha'awa tana da dalili. Waɗanda suka ga rushewar bankin BDRN a 1990, suka kuma wayi gari cikin watan Janairu na 1994 darajar sefa ta ragu da rabi, sun koyi cewa kuɗin da ke ajiye yana iya narkewa cikin dare guda, alhali katanga tana nan tsaye. Sai dai dillalai suna da wata magana mai daɗin ji da suke faɗa wa sabon shiga: «Ɗauki bashi ka saya, Alhaji, gidan zai biya kansa.» Wannan magana ce ta kamata a ɗora bisa sikeli.

A ɗauki misali. Ga gida mai sassa huɗu a wata unguwa, an yi ciniki miliyan 12. Gyara da takardu da la'adar dillali sun ci miliyan 3, ya kama miliyan 15 ke nan. In kowane sashe yana kawo jika 25 a wata, hayar gidan duka jika 100 ce, wato miliyan 1 da jika 200 a shekara. Wannan lissafin dillali ne. Lissafin mai gida dabam yake, domin wani zai tashi sashe ya zauna wofi, wani zai ce a yi masa haƙuri sai ƙarshen wata, ga yasar salanga, ga yaɓe, ga lampon gida. In Allah ya taimaka a tsira da jika 800. A haka sai an yi kusan shekara 19 kafin uwar kuɗi ta dawo.

To, a ce mai sayen yana da miliyan 9 a hannu, ya ranto 6 daga banki, ruwa 10 bisa 100 a shekara, biya cikin shekara 5. Abin da banki zai riƙa cira kowane wata ya kai wajen jika 127 da rabi. Ko da dukan ƴan haya sun biya ranar ɗaya ga wata, babu wanda ya yi latti, hayar ba ta rufe wannan rami ba. Cikon daga albashi zai fito, ko daga kanti. Kuma da yake galibi bankuna ba su yarda abin da ake cira ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, sai mai ɗaukar kusan jika 380 a wata ne ma zai samu irin wannan lamuni. Ma'aikata nawa ne ke cikin wannan sahu?

Wanda banki ya ƙi yakan juya wajen ƙananan asusun ba da rance. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Ƙa'idar da ta fara aiki a ƙasashen sefa na yammacin Afirka a 2014 ta tsaida iyakar ruwan banki a 15 bisa 100, na waɗannan asusu kuwa a 24. Irin wannan rance an yi shi ne don hajar da ke juyawa cikin wata uku ko shida, buhunan wake ko albasa, gida kuwa ba shi juyawa. Akwai bankin gidaje na BHN da aka buɗe a 2018, akwai kuma bankin Musulunci ga mai gudun riba, inda banki ke sayen abu ya sayar wa mutum da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai tun farko. Kowace ƙofa aka bi, tambayar ɗaya ce: in aka yi wata uku ba a karɓi ko dala ta haya ba, da me za a biya?

Ba a rasa misalin irin waɗannan watanni ba. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi ta bin gwamnati bashin albashi wata da watanni. Malamin lakkwal da ke haya bai samu ba balle ya biya, mai gidan kuma, in shi ma ma'aikaci ne, rijiya guda suke sha, ta ƙafe musu tare. Ɗan kasuwa ma yana da nasa darasi. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin 2023, wanda ya kwashe jarinsa ya zuba a gini ya ga cewa ba a yanko ɗaki guda a kai kasuwa don a sayi kaya. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a sayi ƙaramin gida da kuɗin hannu, da na adashe, da abin da aka samu wajen sayar da bisashe, rance ya zamo ɗan ciko kawai.

Sai maganar takarda, wadda ta fi kowace cika kotuna. Yawancin tsofaffin gidajen da ake sayarwa cikin gari na gado ne. Babban wa ya zo da dillali ya ce ƴan'uwa duk sun yarda. Bayan shekara biyu wani ƙane ya dawo daga Libiya ko Abijan, ko wata ƴar'uwa da ke aure a Kano ta aiko cewa ba a shawarce ta ba, ko kuwa a tarar akwai marayu da ba su balaga ba a cikin magada. Saboda haka kada a ba da kafin alƙalami sai an ga takardar kotu mai nuna sunayen magada, da ta taron dangi mai nuna wanda aka wakilta ya sayar. A kai takardar fili, wadda aka sani da «acte de cession», ma'aikatar magajin gari a duba ko lambarta da sunan da ke kanta sun dace da abin da ke cikin littafinsu, domin an sha sayar da fili guda ga mutum biyu. In gidan yana da «titre foncier», a bincika ko ba a jinginar da shi ga wani banki ba. A ƙulla cinikin gaban «notaire», a kuma sauya suna nan da nan. Kuɗin da wannan ke ci yana da zafi, amma bai kai na lauya ba. Gidan bayan gari da aka gina cikin gona, ba a yanka filaye a wurin ba tukuna, arha gare shi, sai dai ranar da aka zo fitar da hanyoyi tana iya bi ta tsakar ɗaki.

Dillali ya fi son nuna gida da rani. Mai hankali sai ya koma cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, ya ga inda ruwan unguwa ke kwanciya. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun 1945, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari aka hau tudu. Damanar 2024 ta sake tunatarwa: gidaje masu ɗimbin yawa sun faɗi, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari yana tsaye. In ba a iya jiran damana ba, a dubi gindin katanga, sawun ruwa ba shi ɓoyuwa, a kuma tambayi maƙwabta ba a gaban dillali ba.

Wajen gyara, sabon mai gida yakan fara da fenti da ƙofar ƙarfe mai ado, abin da masu wucewa za su gani su yaba. Ya kamata a fara da rufi da indararo, a duba ko gara ta ci azara, a ɗaga daɓen tsakar gida ya fi hanya tudu, a ɗaure gindin katanga da siminti, a gyara salanga da makewayi. Wayoyin wuta na da a sake su, tunda ɗan hayan yanzu da firji da fanka yake zuwa. A yi jinga da magini sashe sashe, mai gida ya sayi siminti da ƙarfe da kansa, kada a biya aikin da ba a gani ba. Aikin kuma a gama shi tsakanin kaka da bazara. Duk abin da magini ya ƙiyasta, a ajiye wani abu a kansa, domin sai an fasa tsohon yaɓe ake ganin ciwon gini.

Kafin a ba da makulli, a tambayi NIGELEC da kamfanin ruwa ko tsohon mai gida ya bar bashi, in da hali kuma kowane sashe a sa masa kontar wutarsa, don rabon kuɗin wuta shi ne mafarin yawancin faɗan gidan haya. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: nawa ne, wace rana ake biya, wane gyara ne na mai gida, wane ne na ɗan haya. Wannan takarda ta fi zama wajibi in wanda zai shiga ɗan'uwa ne ko suruki, domin shi ne wanda ba a iya aika wa yaro ranar biyar ga wata a ce ana jiran kuɗin haya.