Wasiƙa Daga Ingila: Jirgin da Ke Ƙofar Gidanmu

A watan jiya na ambata a gurguje cewa akwai jirgin ruwa a ƙofar gidanmu, sai ga wasiƙu ana tambaya ko na zama attajiri ne. Wani ma ya ce in riƙa tunawa da shi. To, bari in ba ku labarin sosai, ku ga irin arzikin.

Jirgin nan tsawonsa ƙafa 15 ne da inci 10, fāɗinsa ƙafa 6 da 'yan kai. Ba shi da ɗaki, ba shi da inji. Iska ce take tura shi ta wurin ƙyallaye biyu da ake ɗagawa a jikin wani dogon sanda da ake kira jigo. Sunan irinsa Wayfarer. Wani Bature, Ian Proctor, shi ya zana shi a 1957, an kuwa ƙera fiye da 10,000 tun daga lokacin. Na farko-farkon da katako aka yi su. Namu na baya ne, na roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Nauyin gangar jikinsa wajen kilo 170 ne, saboda haka ba ya kwana a ruwa. Yana da 'yar amalankensa mai taya biyu. A ɗaura ta a bayan mota, a kai shi tafki da safe, a komo da shi gida da yamma. Wannan shi ne dukan amfaninsa ga talaka, gama kuɗin ajiye jirgi a bakin ruwa a ƙasar nan ba na irinmu ba ne.

A 2023 na saye shi, fam 900, hannu na biyu ko na biyar, Allah ne ya sani. Dalilina mai kyau ne. Yaranmu suna girma a cikin ɗaki, idonsu a kan waya rani da damina, ina so in sami abin da zai fitar da mu waje tare. Amma hanyar da na bi ba ta da kyau. Kuɗin nan daga cikin abin da muke tarawa ne domin zuwa gida Kirsimeti, sai da na ba da kafin alƙalami kuma sa'an nan na gaya wa uwargida. Ta dube ni ta ce, "Maigida, kai da ko kududdufin garinku ba ka taɓa hayewa ba?" Ban sami amsa ba, gama gaskiya ta faɗa. Ta kafa sharaɗi: ba ɗanta da zai taka jirgin nan sai na koyi iyo, na kuma je an koya mini tuƙi.

Na koyi iyo tare da yara ƙanana, da furfurata. Na kuma yi kwas na kwana biyu, mataki na fari na ƙungiyar RYA, wadda take tsara koyon tuƙin irin jiragen nan a Birtaniya. A can na gane abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, wato yadda jirgi zai nufi wajen da iska take fitowa. Ashe ba ya iya fuskantarta kai tsaye. Iyakar ƙoƙarinsa ya karkace mata da kamar digiri 45, ya yi tafiya, ya juya ya karkace ta ɗaya gefen, haka haka kamar jaki mai hawan tudu da kaya. Akwai wani allo da ake saukarwa ta tsakiyar jirgin zuwa cikin ruwa, kusan ƙafa 4. Shi ne yake hana iska ta ture jirgin a kaikaice. Mataki na biyu ma kwana biyu ne, amma na ce na riga na iya.

Abin da ya hura mini kai shi ne labarin Frank Dye. Mutumin nan, da irin jirgina sak, shi da abokin tafiya ɗaya, ya tashi daga arewacin Sikotilan a 1963 ya kai tsibirin Aisilan, mil 650 cikin kwana 11. A 1964 ya nufi Norwe, guguwa ta kifar da su sau huɗu, jigon ya karye, duk da haka suka isa. Jirginsa yana gidan tarihi a garin Falmouth. Na karanta wannan na ce, in dai jirgin ya haye teku, ina ga tafki? Ban lura da cewa Frank Dye ne ya haye ba, jirgin rakiya ya yi masa.

Sai na shiga gyara, irin gyaran sabon shiga. Na sayi fenti shuɗi na shafe shi. Na sa aka ɗinka matasan zama. Na fara duba farashin ƙaramin inji. Ran nan ina cikin goge shi a bakin tafki, wani tsoho Bature ya zagaya shi sau biyu, ya yaba fentin, sa'an nan ya yi mini tambaya uku. Yaushe rabon da a buɗe boris na tayoyin amalanken? In iska ta tashi, yaya zan rage ƙyallen? Ɗakunan iska na gaba da na baya, waɗanda suke hana jirgin nutsewa, na tabbata ba sa yoyo? Ko ɗaya ban sani ba.

Ta farkon na ɗauka da gaske, domin harkar mota ce, na kuwa san ta. Da na buɗe, sai na tarar giris ɗin ya zama kamar kunun kanwa, tsatsa ta ci boris. Dalilin shi ne, bayan doguwar tafiya cibiyar taya tana da zafi. In aka tura ta cikin ruwan sanyi nan take, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa. Na sake boris, na sayi safaya. Yanzu in mun isa sai mu ɗaga jigo, mu shirya igiyoyi, tayoyin su huce tukuna. Dokar hanya kuma na koye ta: mai jan amalanke ba ya wuce mil 60 a awa a kan babbar hanya, mil 50 a kan hanyar da ba a raba tsakiyarta ba, ba ya kuma shiga layin dama na babbar hanya mai layi uku. Ribas da amalanke kuwa, kada ku tambaye ni. Maƙwabtanmu sun sha kallo. Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne duban sama kafin a ɗaga jigo, gama tsawonsa ya fi ƙafa 20, ƙarfe ne kuma, in ya taɓa wayar lantarki ba a ba da labari.

Sauran tambayoyi biyun na ce sai wani lokaci.

A watan Afrilu na 2024 na ɗauki babban yaronmu, yana da shekara 12, muka tafi tafkin Hickling a yankin Norfolk. Tafki ne mai fāɗi amma ba zurfi, galibinsa bai wuce ƙafa 5 ba. Shi ya sa na zaɓe shi. Masu hasashen yanayi sun ce iska za ta kai mataki na 4, tana taɓa na 5. Ma'aunin nan wani hafsan jiragen ruwa, Francis Beaufort, ya tsara shi a 1805. Mataki na 4 iska ce mai gudun mil 13 zuwa 18 a awa, na 5 kuwa 19 zuwa 24. Na dubi lambobin na ce ai ko keke yana wannan gudu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura ƙyalle da shi ninkawa huɗu yake yi.

Muka ɗaga ƙyalle duka. Rabin awa na fari, kai, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Yaron yana ta ihu. Hannuna ya gaji da riƙon igiyar babban ƙyallen, sai na maƙale ta a maƙalinta, abin da aka hana mu tun ranar fari ta kwas. Iska ta bugo. Kafin in kwance igiyar, jirgin ya kwanta, muna cikin ruwa.

Ku da kuke wanka da ruwan randa da sanyin hunturu kuna cewa kun san sanyi, ku yi haƙuri, ba ku san shi ba. Ruwan da ya gaza digiri 15 yana ƙwace wa mutum numfashi. Ƙirji ya riƙa haki da kansa, ko gwanin iyo ne. Masu ceto na ƙungiyar RNLI suna koyar da cewa kada mutum ya yi ta fafutuka, ya kwanta rigingine ya yi kamar minti ɗaya har numfashi ya komo. Na san wannan a takarda. A cikin ruwan kuwa abin da na sani kawai shi ne ban ga ɗana ba. Yana ɗaya gefen jirgin. Rigar ruwan da na saya masa ta yi masa yawa, na ce zai girma a cikinta, sai ta taso ta rufe masa baki. Na ji muryarsa yana cewa, "Baba, ina nan," na zagaya na kama shi.

Tayar da jirgin da ya kife ba wuya ba ne bisa ga koyarwa: mutum ya hau allon nan na ƙasa, ya ja igiya, nauyinsa ya miƙar da shi. Amma kan jigon namu ya nutse ya cake cikin laka. Wasu mutane biyu masu jirgin inji ne suka zo, suka ɗauki yaron suka lulluɓe shi, sa'an nan suka ja mu. Da jirgin ya tashi, sai ga bayansa ya zauna cikin ruwa. Robar murfin ɗakin iska na baya ta tsufa ta farfashe, ruwa ya shiga. Bokitin kwalfewa kuma ya yi nasa wuri, tare da matasan zaman nan masu kyau, gama ban ɗaure shi ba.

Uwargida ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai da ta ga yaron ya ci abinci ya yi barci, sa'an nan ta kawo takarda da biro ta ce, "Maigida, ko a sayar da shi gobe, ko kuwa ka faɗa mini dukan abin da tsohon nan ya ce, ni zan riƙe lissafin." Yaron ne ya hana a sayar. Da gari ya waye tambayarsa ta fari ita ce yaushe za mu koma.

Ga abin da kuɗinmu ya shiga daga nan. Mai ɗinkin ƙyalle ya sa mana layi biyu na ramuka da igiyoyi a babban ƙyallen, yadda za a naɗe ƙasansa a rage shi. Tun a tudu muke ragewa, gama kwancewa a kan ruwa in iska ta yi laushi abu ne mai sauƙi, ɗaurewa kuwa bayan ta tashi aiki ne ja. Muka sake robar murafu duka. Muka sa wata 'yar jakar iska a kan jigo domin kada ya sake nutsewa. Kowa ya sami rigar ruwa daidai jikinsa, ta yara da maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Bokiti biyu, kowanne da igiyarsa. Anka da igiya mai tsawo, filafilan tuƙi biyu, da jakar roba ta sa waya, domin a bakin teku a nan 999 ake bugawa a nemi masu tsaron gaɓa. Dukansu a haɗe ba su kai kuɗin injin da nake sha'awa ba. Na koma na yi mataki na biyu, uwargida kuma ta yi na fari. A watan Yuli, da ruwa ya yi ɗumi, muka kifar da jirgin da gangan kusa da gaɓa har sau uku, muka tayar da shi, muka buɗe murafu muka duba. Ba ruwa sai ɗan abin da soso zai tsane.

Wasu a wurin suna ta jana in shiga tsere. Tseren nasu yawanci ran Lahadi da safe ne, lokacin sujada, saboda haka mu 'yan Asabar ne, ba kuwa za ku taɓa ganin hotona da kofi ba.

Zuwa gida dai sai da ya ƙara shekara guda, wannan kuma laifina ne, na amsa shi a gaban iyali. Da na yi wa tsohuwata bayani ta waya, ta yi shiru, can ta ce, "To, kifi nawa yake kamawa?" Na ce ba ya kama kifi, Mama. Ta ce, "Fasinja fa?" Na ce mu kaɗai ne. Ta ce in ba ta matata.

Ban san abin da suka tattauna ba. Amma Asabar da ta wuce uwargida ce take riƙe da sandar tuƙi, ni ina gaba ina jan igiyar ƙaramin ƙyalle, tana ce mini in sunkuya za ta juya. Maganar inji tana nan a ƙasan takardarta, ba a kai gare ta ba tukuna.