Idan Allon Mota Ya Yi Gardama, Idon Direba Ke Biyan Bashin

Duk wanda ya je sayen mota a 'yan shekarun nan ya san abin da dillali ke fara nuna masa. A da bonet ake buɗewa a saurari kukan inji. Yanzu kuwa ƙofa ake buɗewa a kunna allon da ke tsakiyar dashbod, a shafa shi da yatsa, taswira ta bayyana, rediyo ya ɗauka, sai mai saye ya yi murmushi ya ce a yi ciniki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: idan an taɓa allon nan, nan take yake amsawa, ko sai ya ga dama?

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan tambaya a matsayin ƙorafin masu hannu da shuni. Sai dai lissafi ya nuna lamarin ya wuce nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direba ya taɓa allo bai amsa ba, ya juyo ya duba, ya sake dannawa, ya jira ya ga ko ya shiga. Daƙiƙa huɗu ke nan sun tafi, mota ta ci sama da mita 110, wato fiye da tsawon filin ƙwallo, ba tare da ido a kan titi ba. A hanyar Kaduna zuwa Abuja ko ta Kano zuwa Katsina, wannan tazara ta isa ta ɓoye rami, ko tirelar da ta lalace ba alama, ko yaron da ya biyo akuya. Shi ya sa tun a 2013 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta shawarci masu ƙera motoci da kada wani aiki a allo ya ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya, ko daƙiƙa 12 gaba ɗaya.

Tsohon maɓalli yana da wata daraja da ba mu gane ba sai da aka fara raba mu da shi. Hannu yana haddace wurinsa, yatsa yana jin ƙas ɗinsa, ido bai da aiki a ciki. Gilashi kuwa sumul yake, ba tudu ba kwari, dole sai an duba kafin a taɓa, a kuma sake dubawa bayan an taɓa. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gwada wannan a fili. An sa direba ya yi ayyuka huɗu irin na yau da kullum, kamar sauya tashar rediyo da daidaita ɗumin mota, yana gudun kilomita 110 a awa. A cikin Volvo V70 ƙirar 2005, mai maɓallai zalla, daƙiƙa 10 ya ɗauka. A motar zamani da ta zo ta ƙarshe, sai da ya kai kusan daƙiƙa 45, ya ci fiye da kilomita ɗaya da mita 300. Kuma fa waɗannan sababbin motoci ne, alluna lafiyayyu. To ina ga allon da ya tsufa?

Nan ne batun ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin da ke kan titunanmu 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Allonsu iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa a tsofaffin motoci, yana da siraran shimfiɗu biyu da sai an danna sun haɗu sannan na'ura ta gane inda aka taɓa. Yau da gobe shimfiɗun sukan gaji, sai ka danna nan ya amsa can, ko wani sashe ya mutu ɗungurungum. Na biyu irin na wayar salula ne, wanda ke jin ɗan lantarkin da ke jikin mutum. Shi ba ya son jiƙaƙƙen gilashi, ba ya son safar hannu, ba ya kuma jin yatsan da ya bushe ko ya yi kanta, abin da hunturu ke yi wa kowa a ƙasar Hausa.

Sai kuma zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda bazara ke haura digiri 40, dashbod ɗin motar da aka bari a rana yakan doshi digiri 70. Gam ɗin da ya manne gilashi da allo sai ya fara saki, a ga kumfa ko tsatstsagewa kamar saƙar gizo, daga nan allo ya fara danna kansa ba wanda ya taɓa shi. Ƙurar hunturu kuma ta shige gefe-gefe ta ƙarasa aikin. A bayan gilashin akwai ƙaramar kwamfuta wadda ita ma tana tsufa. A watan Fabrairun 2021 kamfanin Tesla ya yi kiranyen motoci kusan 135,000 samfurin Model S da Model X a Amurka, saboda ma'adanar bayanan allonsu tana ƙarewa cikin shekara biyar zuwa shida, idan kuma ta ƙare kyamarar baya da na'urar share raɓar gilashi sukan tafi tare da ita. A lura da shekarun nan da kyau: lokacin da allo ke fara gazawa a can, shi ne lokacin da mota ke fara haramar tahowa nan.

Mu ma mukan ƙara wa kanmu. Taswirar da ta zo da motar Amurka ba ta san Zariya ba, ba ta san Gusau ba, don haka mai mota sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a cire masa na asali a sa masa babban allon Android mai araha. Wasu daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce gigabait ɗaya ko biyu ba, Google Maps kaɗai ya isa ya sa su numfarfashi. Mafi muni, akwai masu faɗin da sai an cire maɓallan esi gaba ɗaya kafin su zauna, sai sanyin mota ma ya koma cikin gilashi. An ba da kuɗi an sayar da abin da hannu ya sani, an sayo abin da sai ido. Kyan ɗan maciji ke nan.

A Turai dai an fara dawowa daga rakiyar wannan ado. Hukumar Euro NCAP, mai auna amincin sababbin motoci, ta tsara cewa daga 2026 za ta riƙa rage wa mota maki idan ba ta da maɓalli ko sanda na zahiri ga abubuwa biyar: sigina, wutar gargaɗin haɗari, ham, waifa da kiran agajin gaggawa. Kamfanin Volkswagen ma ya bayyana cewa zai maido da maɓallai a motocinsa masu zuwa. Tun a 2020 wata kotu a birnin Karlsruhe na Jamus ta tabbatar da tara da dakatar da lasisin wani direban da ya kauce hanya yana neman daidaita gudun waifa a cikin allo. A wurin kotun, hukuncinsa ɗaya da mai latsa waya.

Wani zai ce ai allo ya kawo sauƙi, kuma gaskiya ne. Kyamarar baya ta ceci yara da dama a ƙofar gida, taswira ta fitar da baƙi daga ɓata. Ba wanda ke cewa a koma zamanin tambayar hanya a kowace mararraba. Maganar ita ce, motocin da gyaran Turai zai shafa sai sun yi shekaru kafin su iso gare mu. Kafin nan, waɗanda aka ƙera a zamanin da aka tura komai cikin gilashi su ne za su cika kasuwanninmu, a lokacin da allunansu suka ƙwarare.

Don haka mai saye ya gwada allo kamar yadda yake gwada giya da birki. Ya taɓa kusurwoyi huɗu da tsakiya, ya bar motar ta yi zafi ya sake gwadawa, ya kuma duba ko esi da ƙarar rediyo suna da maɓallansu daban. Wanda allonsa ya fara gardama ya kai wa ƙwararren rewaya, domin sau da yawa gilashin sama kaɗai ake sauyawa. Kada a danna shi da makulli ko biro, kada a fesa masa ruwa, a goge shi da ƙyalle mai laushi, a kuma sa mayafin gilashi idan za a ajiye mota a rana. Direba ya shigar da inda za shi tun kafin ya tada mota, ya bar muryar taswira ta yi masa jagora. Idan allo ya ƙi a kan hanya, a bar wa na gefe, ko a gangara a tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa, wadda ta daɗe tana kama masu amsa waya suna tuƙi, ya kamata ta shigar da allon dashbod cikin faɗakarwarta a tashoshin mota da makarantun koyon tuƙi. Titi bai san bambancin waya da allo ba. Abin da ya sani shi ne ido ya bar shi. Allah Ya kiyaye hanya.