An Ci Yaranmu Biyar da Nema: Laifin Wa?

Bara, bayan an gama kwashe masara, mun raka yaran wata makarantar jeka-ka-dawo ta yankinmu zuwa Funtuwa don su yi wasan ƙwallo da wata makarantar kuɗi. Mun tashi daga mararrabar Sheme da hantsi cikin a-kori-kura, yara suna ta murna. Yaranmu goma sha uku ne, takalman ƙwallo kuwa na mutum bakwai. Abokan karawarsu suka fito cikin riguna iri ɗaya, da mai koyar da su, da kwandon lemo a bakin fili. Kafin la'asar sakaliya an zura mana biyar, mu ko ɗaya.

A hanyar komowa motar ta yi tsit. Sai wani dattijo daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya ce, "Malam, ai dama ɗan ƙauye ba ya ja da ɗan birni. Mai kuɗi shi ke da kofi." Mun daɗe muna juya wannan magana, domin mun lura yara sun ji ta, kuma sun yarda da ita. Yardar nan tasu ta fi ƙwallaye biyar ɗin yi mana ciwo. Yaron da ya amince cewa garinsu ba ya iya kome a filin wasa, gobe zai amince ba ya iya kome a aji ko a gona. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo zancen gaban ƙungiyoyinmu na manoma.

Lissafin da ba a yi

Kowane manomi ya san wanda ya zaɓi iri daga rumbu guda ba daidai yake da wanda ya zaɓa daga rumbu goma ba. Haka abin yake ga ƙwallo. A ce makaranta tana da yara maza 150, wata kuma tana da 900. Kowacce goma sha ɗaya za ta fitar. Ta farko tana ɗaukar yaro ɗaya cikin kowane goma sha huɗu, ta biyu kuwa ɗaya cikin tamanin. Ba sai an yi duba ba kafin a san wadda za ta fi samun dogon gola da mai gudu.

Makarantar kuɗi kuwa lissafinta ya wuce nan. Makarantar gwamnati ta ƙauye ƙofarta a buɗe take ga duk yaron da ke iya takowa da ƙafa ko da keke. Ba ta zaɓe, ba ta kora. Ita makarantar kuɗi ba ta da iyaka. Tana iya ɗauko yaro daga Malumfashi, wani daga Bakori, wani daga Zariya. In ta hangi gwani a ƙauyenmu, sai ta rage wa ubansa kuɗin makaranta ta tafi da shi. Ko da yaranta duka ba su wuce 200 ba, gonar da take girbi a ciki ta kai faɗin masarauta. Wani lokaci ma yaron da ya zura mana ƙwallo, a dandalinmu ya koyi tamaula.

Sai kuma abin da dukanmu muka sani. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe yara fiye da 300. An sako su ran 17 ga watan, amma gwamnatin Jihar Katsina ta rufe makarantun kwana a lokacin. Daga nan iyaye masu hali da yawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka mai da 'ya'yansu manyan garuruwa. Makarantun da dama ƙanana ne suka ƙara ƙanƙancewa. Yaran da suka rage su ne masu zuwa gona da asuba, su je aji, su koma ɗiban ruwa da yamma. Su ne muka kai Funtuwa. In an duba wannan duka, ba ragwanci ne ya kayar da su ba.

Kuɗi ne ke cin kofi?

To, dattijonmu ya yi gaskiya ke nan? Ya faɗi rabin gaskiya. Ga sauran rabin.

A 1977 yaran makarantar Christ the King ta Onica suka tafi Dublin, ƙasar Ailan, suka ciwo kofin duniya na makarantun sakandare. Mishan ne suka kafa makarantar, amma a shekarar nan tana hannun gwamnati, domin an karɓe makarantun mishan na gabas bayan yaƙin basasa. A nan wajenmu ma haka aka yi a 1972, sa'ad da St. Paul ta Wusasa ta zama Kufena, St. John ta Kaduna ta zama Rimi. Canjin mai makaranta bai hana yaran Onica cin kofi ba, domin abin da ke sa a ci yana nan: fili, da malamin da ke fitowa kowace yamma, da mutanen gari da suka ɗauki makarantar tasu ce.

A Legas kuma akwai St. Finbarr, wadda Fada Denis Slattery ya kafa a 1956. Daga can Stephen Keshi da Henry Nwosu da Samson Siasia suka fito. Abin da ake tunawa da shugaban nan shi ne ya ɗauki wasa da muhimmanci kamar darasi, kuma ba ya sassauta wa ɗan ƙwallo a wajen karatu.

Batun yawan jama'a kuwa, ku tuna da ƙasar Aisilan. Mutanenta duka ba su kai dubu 400 ba, ƙasa da mutanen birnin Katsina. A 2016 suka fitar da Ingila daga gasar Turai da ci 2 da 1. A 2018 suka je gasar cin kofin duniya, suka yi kunnen doki da Ajantina. Mu ne muka ci su biyu da nema ran 22 ga Yuni, Ahmed Musa ya zura duka biyun. Amma ku auna: ƙasa mai mutane wajen miliyan 200 ce ta fito fili da wadda ba ta kai rabin miliyan ba, kuma sai da aka dawo hutun rabin lokaci kafin a iya huda ragarsu. Ba su ƙara yawan mutanensu ba. Sun gina filaye a ƙananan garuruwansu, suka horar da masu koyarwa da yawa, har ya zama da wuya yaro mai baiwa ya ɓace ba a gan shi ba.

Darasin ke nan. Babban gari yana iya ɓarnar yara ɗari ya kuma sami goma sha ɗaya. Ƙaramin gari ba shi da na ɓarna. Girman gari a filin wasa ba yawan kawuna ba ne kaɗai, har da yawan waɗanda suka tsaya bayan makarantar. A nan kuwa muna da abin da birni ba shi da shi. Mun san sunan kowane yaro da na ubansa. Mun san gayya, mun san adashi.

A daidaita ma'auni

Duk da haka ba za mu ce komai yana hannunmu ba. A kasuwa ba a auna tiya da mudu a ce an yi adalci. A dambe ma sa'a ke neman sa'arsa.

A Amurka, inda wasan makarantun sakandare ke tara dubban 'yan kallo, sun daɗe da gane wannan. Ƙwallonsu dabam ce da tamu, da hannu ake ɗaukarta, amma matsalar ɗaya ce. A Jihar Tekzas an kasa makarantun gwamnati aji shida bisa yawan ɗalibai, kowane aji da kofinsa, makarantun kuɗi kuwa yawancinsu gasarsu dabam. Makarantun da suka fi ƙanƙanta suna yin wasa da mutum shida shida, dabarar da wani malamin makaranta, Stephen Epler, ya ƙago a Nebaraska a 1934 don ƙauyukan da ba su da isassun yara. A Jihar Ilinoi kuma, makarantar da ke ɗibar yara daga ko'ina akan ninka yawan ɗalibanta da 1.65 kafin a sa ta a aji, don a biya faɗin gonar da take girbi.

Ba mu ce a kwafo nasu duka ba. Roƙonmu ga masu shirya wasannin makarantu a shiyyarmu shi ne a raba gasa gida biyu: ƙananan makarantun jeka-ka-dawo su fara karawa da junansu su ci kofinsu, sa'an nan zakaransu ya hau ya gwada da manya. Yaron da ya taɓa ɗaga kofi, ko na ƙaramar hukuma ne, ba ya shiga filin Funtuwa da sanyin gwiwa.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce, "Ina ruwan ƙungiyar manoma da tamaula? Taki muke nema." Gaskiya ne ƙwallo ba ta cika rumbu. Cikin yara dubu da wuya ɗaya ya ci abinci da ita, kuma duk wanda ya gaya wa ɗanka wani abu dabam yaudararsa yake yi.

Amma ku dubi samarinmu da rani, daga la'asar zuwa magariba. Ina suke? Wa ke magana da su? A ƙasa irin tamu, inda akwai masu neman yaran da za su aika da saƙo zuwa daji, da masu sayar da ƙwayoyi a bayan tasha, zaman banza ba ƙaramin haɗari ba ne. Mun kuma ga yaran da ba don wasan yamma ba da tuni sun bar aji. A fili ne ɗan Kirista da ɗan Musulmi, ɗan manomi da ɗan makiyayi, suke miƙa wa juna ƙwallo ba tare da tambayar gidan wa ka fito ba. Zaman lafiyar da muke roƙo, da irin wannan ake dasa shi.

Ga iyayen da makarantar kuɗi ta nemi ɗansu kuwa, ba mu ga laifinku ba. Kowa yana son ci gaban nasa, kuma akwai makarantun kuɗi masu riƙon amana. Sai dai ku yi tambaya tukuna. Alkawarin a rubuce yake? In yaron ya karye, za a bar shi ya ƙare karatu? Aji zai zauna ko fili kawai? Kada kuma kowa ya sayar da shanun huɗa ya ba wani baƙo mai cewa zai kai yaro Turai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Na ɗaya, fili. Mafi ƙanƙantar filin da dokar wasa ta yarda da shi mita 90 ne a tsawo, 45 a faɗi, wato kimanin eka ɗaya. A nemi mai gari da shugaban makaranta a keɓe shi kusa da gari, inda ido ke kaiwa. Gayyar yini biyu ta isa a cire kututture, a cike ramuka, a kafa sanduna.

Na biyu, asusu. Kowane ɗan ƙungiya ya ba da tiya ɗaya ta masara da kaka. A ƙungiya mai mutum arba'in an tashi da buhu ke nan. A sayar a sayi ƙwallaye da famfo da magungunan ciwo. Ma'aji ya rubuta, a karanta a taro kamar yadda muke yi da kuɗin taki.

Na uku, mutum. Fili ba malami kiwon awaki ne. A nemi malami ɗaya ko saurayi mai hankali da zai riƙa fitowa sau uku a mako, a taimake shi da noman gonarsa.

Na huɗu, ciki. Yaron da bai karya kumallo ba ba ya gudun minti casa'in. Muna noman waken suya da gyaɗa. Ran wasa, ƙungiyar mata ta dama kunu, maza su kawo hatsin.

Na biyar, gaskiya. Kada mu sa gardi mai shekara ashirin da biyar cikin rigar makaranta don mu ci kofi. Ƙasarmu ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin ƙaryar shekaru ya yawaita a wannan gasa har hukumar ƙwallo ta duniya ta fara gwajin ƙashin hannu a 2009. Wanda ba ya zuwa aji, kada ya shiga fili.

Na shida, maƙwabta. Ƙauyuka uku ko huɗu da ke kusa su shirya gasar rani a tsakaninsu. A fara da wuri, a tashi da sauran rana, kowa ya isa gida kafin duhu. Inda yara ba su isa ba, a yi bakwai bakwai. Kada a manta da 'yan mata: a ware musu lokacinsu da wasan da iyaye suka amince da shi.

Ba mu yi muku alkawarin cewa baɗi za mu ci makarantar nan ta Funtuwa ba. Mai yiwuwa su sake cin mu. Amma in biyar ta koma biyu da ɗaya, kuma yara goma sha ukun nan duka suka ƙare sakandare, ba mu yi asarar masararmu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi na Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa su karanta wannan a taronsu na gaba, su tambayi jama'a abu biyu: ina ekar da za mu ba yaranmu, kuma wane ne zai tsaya a kanta? Abin da kuka yanke, ku aiko mana mu buga don sauran 'yan'uwa su gani.